Jana'izar Sarauniyar Ingila: ɗaukar sarakuna da shugabanni a bas wulaƙanci ne?

Dan_Gwale:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Yau Litinin, 19 ga Satumban 2022, tun ƙarfe goma na safe na bar wa yarona shago na zauna gaban talabijin, ban tashi ba sai sallah, har aka shigar da akwatin Sarauniya Elizabeth cocin fadar Windsor bayan la'asar. Abu biyu suka tsaya mini a rai, ina so masu sani su warware mini. Na farko, hoton nan da ke yawo na shugabannin Afirka a cikin bas, ga William Ruto na Kenya, ga Samia Suluhu ta Tanzaniya, an jera su kujera bayan kujera, alhali Joe Biden ya zo da motarsa mai sulke. Ni a ganina raini ne. Na biyu, matar nan ta rasu tun 8 ga wata a gidanta na Balmoral da ke Sikotlan, sai yau kwana 11 ake binne ta. Me ake jira?

Umman_Hanan:
Wa alaikumus salam. Malam, ka riga ni ne kawai. Da na ga hoton nan sai da zuciyata ta sosu. Ruto ko mako guda bai cika da rantsuwa ba, fitarsa ta farko ke nan a matsayin shugaba, aka tura shi bas.

Bakatsine_a_Landan:
Yaya Dan_Gwale, Hajiya Umman Hanan, ku yi haƙuri in ɗan gyara. Ina garin nan shekara tara. Ba 'yan Afirka kaɗai aka ɗauka a bas ba. Sarkin Japan Naruhito da matarsa Masako a bas suka zo. Sarkin Sifaniya Felipe da Letizia, Sarkin Holan Willem-Alexander, Sarkin Beljiyam Philippe, Sarkin Suwidin, duk a bas. An tara baƙi a wani tsohon gidan kula da tsofaffin sojoji da ke unguwar Chelsea, daga can aka riƙa kwaso su zuwa cocin Westminster. Hoton namu ne ya fi yaɗuwa a wayoyinmu, shi ya sa muke ganin kamar mu kaɗai ne.

Kuma duk wanda ya san wurin zai gane dalili. Manyan baƙi daga ƙasashen waje sun kai kusan 500, mutanen da ke cikin cocin kusan 2,000. Titunan da ke kewaye da cocin ƙanana ne, ga majalisa a gefe, ga kogi a baya. A ce kowane shugaba ya zo da jerin gwanon mota goma, wallahi har magariba ba a gama sauke mutane ba.

Dan_Gwale:
Na ji, ƙanina, kuma na gode. To Biden fa? Shi titin faɗaɗa masa aka yi? Idan doka ce a yi wa kowa.

Malam_Tarihi:
Gaskiyarka, an yi wa Biden togaciya saboda masu tsaronsa ba sa yarda ya hau motar da ba tasu ba. Amma ka duba inda aka zaunar da shi a cikin cocin: layi na 14. Sarakuna aka sa a gaba, sai ƙasashen da Sarauniyar ke shugabanta kamar Kanada da Ostireliya da Jamaika, sai sauran ƙasashen Commonwealth, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, sannan kowa da kowa. A fadar sarki wurin zama shi ne daraja, ba dokin da ka hau ka zo ba. Duk wanda ya taɓa shiga zaman fada a Kano ko Katsina ya san haka: kowane hakimi da gurbinsa, kuɗinka ba ya matsar da kai gaba.

Kwamared_Aminu:
Ni duk maganar bas ɗin nan ba ita ce ta dame ni ba. Tambayata, me ya kai su tun farko? Kun ga sandar sarautar da aka ɗora a kan akwatin? Lu'ulu'un da ke kanta, wanda ya haura karat 530, daga Afirka ta Kudu aka haƙo shi a 1905. Ɗan'uwansa na jikin kambin da ke kan akwatin. Shugaban Afirka ta Kudu Ramaphosa yana zaune yana kallon dukiyar ƙasarsa tana wucewa. Kenya kuma, ranar da mahaifinta ya rasu a watan Fabrairun 1952 tana can Kenya, kuma a shekarar ne aka kafa dokar ta-ɓacin da aka murƙushe 'yan Mau Mau masu yaƙar mulkin mallaka da ita. Sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya tsofaffi sama da 5,000 diyyar fam miliyan 19.9 kan azabar da aka gana musu. Mu nan kuma mun manta Kano da Sakkwato a 1903? Mun manta Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada? Ni ban yi farin ciki da mutuwar kowa ba, amma ba zan yi hawaye ba.

Malam_Tarihi:
Kwamared, abin da ka faɗa na Mau Mau haka yake, a zamaninta ya faru, ba mai musu. Amma yaƙin Kano da Sakkwato da Burmi zamanin Sarki Edward na VII ne, kakan mahaifinta. Ita a 1926 aka haife ta. Lu'ulu'un ma shi Edward ɗin gwamnatin Transvaal, wani yanki na Afirka ta Kudu, ta ba a 1907, kodayake gwamnatin Turawa ce, ba a tambayi baƙar fata ba.

Kwamared_Aminu:
Malam, wanda ya gaji gona ya gaji bashin da ke kanta.

Hajiya_Yar_Zazzau:
'Ya'yana, ku bari tsohuwa ta sa baki. Ni da na ji rasuwar nan mahaifina na tuna, Allah ya jiƙansa. Yana cikin mahayan da suka je hawan daba na Kaduna a 1956, lokacin da ta zo Najeriya ita da mijinta. A kan doki suka tafi daga ƙauyenmu cikin tawagar hakimi, cikin hunturu, suka yi kwanaki a sansani ana gwaji. Yakan ce bai taɓa ganin dawaki da yawa a wuri guda kamar ranar ba, ga 'yan lifida, ga 'yan sulke, ga kakaki da algaita ta kowace kusurwa, ga ƙura har ba ka gane kalar rawanin na kusa da kai. Abin da ya fi maimaitawa shi ne ƙanƙantarta. Ya zaci zai ga ƙatuwar mace, sai ya hango yarinya siririya a kan dandamali. Linzamin da ya yi hawan da shi yana nan a ɗakin yayana har yau, fatar duk ta bushe.

Ba na ce mulkin mallaka alheri ba ne, Aminu. Shi kansa Baba yana ba da labarin haraji da aikin tilas da baƙin ciki. Amma mutuwa idan ta zo, ta'aziyya ake yi. Mutanenmu sun tarbe ta da dawaki tana raye, ba abin mamaki ba ne a je a raka ta.

Umman_Hanan:
Allah ya jiƙan Baba, Mama. Kin sa na tuna kakata, ita ma tana yawan cewa shekarar zuwan Sarauniya aka yi mata aure. Da ita take ƙirga shekarunta.

Abu_Sumayya:
Bari in koma tambayar Malam Dan_Gwale ta biyu, don ita ce ta fi jan hankalina. Mu a Musulunci gaggauta jana'iza ake yi, sarki ne ko talaka. Ku tuna Sarki Abdullah na Saudiyya. Ya rasu Juma'a 23 ga Janairun 2015, a ranar aka yi masa sallah bayan la'asar a masallacin Imam Turki da ke Riyadh, aka ɗauke shi a makara, 'yan'uwansa suka kai shi maƙabartar Al-Oud, aka sa shi a kabarin da ba gini ba suna. Shugabannin da suka samu sallar 'yan kaɗan ne, irin su Erdogan na Turkiyya da Nawaz Sharif na Pakistan. Sauran daga baya suka zo ta'aziyya. Shi kansa Charles ɗin da ya zama sarki yanzu washegari ya je, Obama kuma sai da ya gajarta ziyararsa a Indiya. Ba a ajiye gawa don jiran kowa ba.

Dan_Gwale:
Haka aka yi da Mai Martaba Ado Bayero. Ina cikin taron. Juma'a 6 ga Yunin 2014, da safe aka sanar, kafin dare an kai shi makwancinsa a gidan Nassarawa. Sarkin da ya shekara sama da 50 a kan karaga. Daga Ƙofar Kudu ba inda za ka jefa allura, takalmina ɗaya a can na baro shi, a ƙafa na koma gida ina kuka. Shi ya sa kwana 11 ɗin nan ya yi mini nauyi.

Rahila_Jos:
Sannunku 'yan'uwa. Ni Kirista ce, bari in faɗi yadda muke kallon abin. A wurinmu jinkirta biso ba rashin girmama mamaci ba ne, lokaci ake bai wa dangi na nesa su iso, a yi ban kwana. Ita kuma danginta ƙasa guda ce. An fara kai ta Edinburgh, mutanen Sikotlan suka yi sallama da ita a cocin St Giles, sannan jirgi ya kawo ta Landan, aka ajiye ta a zauren Westminster daga 14 ga wata har safiyar yau. Akwatin katako ne da aka lulluɓe cikinsa da dalma, iska ba ta shiga, shi ya sa yake da nauyi har sojoji takwas suke ɗaukarsa da kyar.

Sujadar kanta mai sauƙi ce idan ka cire sojoji da kambi. An rera Zabura ta 23, wadda aka rera ranar aurenta a wannan cocin na Westminster a 1947. Firaminista Liz Truss ta karanta Yohanna sura 14, Akbishop Justin Welby ya yi wa'azi gajere. Irin nassoshin da muka karanta ranar bison mahaifiyata ne a ƙaramin cocinmu. A nan hawaye ya zo mini.

Abu_Sumayya:
Na gode 'yar'uwa, na ƙaru. Kowa da tafarkinsa. Allah ya ba ku haƙurin rashin Mama.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Kwana 11 ai ba komai ba ne a wurin maƙwabtanmu Ashanti. Mahaifiyar Asantehene na yanzu, wato Sarkin Ashanti, ta rasu a Nuwamban 2016, sai a Janairun 2017 aka yi bikin bisonta, garin Kumasi ya tsaya cak, kowa da baƙin zane. A Tailan kuwa Sarki Bhumibol shekara guda cur aka yi kafin a ƙona gawarsa. Ba al'adar Turawa kaɗai ba ce. Shugabanmu Akufo-Addo ma yana can Landan. Tsofaffinmu har yanzu suna maganar rawar da ta taka da Nkrumah a Akara a 1961.

Sadiya_Dalibar_Tarihi:
Don Allah Malam_Tarihi, ina da tambaya. Me ya sa sarakunan Turai suka zo kusan dukkansu, har da matansu, wasu har da iyayensu? Na ga tsohon Sarkin Sifaniya Juan Carlos da ya yi murabus zaune kusa da ɗansa.

Malam_Tarihi:
Sadiya, amsar a taƙaice ita ce zumunci. Mutuwar gida suka zo. Sarkin Norwe Harald, kakarsa Maud 'yar Sarki Edward na VII ce, ke nan shi da marigayiyar kakanninsu ciki ɗaya suka fito. Sarauniyar Denmak Margrethe da Sarkin Suwidin duk zuriyar Sarauniya Victoria ne, mahaifiyar Edward ɗin. Sofia, mahaifiyar Sarkin Sifaniya, 'yar gidan sarautar Girka ce, gidan da Yarima Philip mijin marigayiyar ya fito. Kamar yadda gidajen sarautarmu suke auratayya, idan aka yi rashi a wannan fada sai ka ga tawaga daga waccan.

Akwai wani hoto da nake so ki nema. An ɗauke shi a Windsor a Mayun 1910, lokacin jana'izar Edward na VII: sarakuna tara a ɗaki guda, sanye da kayan soja. Na Ingila, Jamus, Sifaniya, Fotugal, Girka, Beljiyam, Norwe, Denmak da Bulgeriya. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Manuel na Fotugal, kafin shekarar ta ƙare an tumɓuke shi. George na Girka, an harbe shi a 1913. Wilhelm na Jamus, wanda ya zo bison kawunsa, shekara huɗu bayan nan ƙasarsa ta gwabza yaƙi da Ingila, a 1918 ya gudu Holan. Alfonso na Sifaniya ya bar ƙasarsa a 1931. A cikin masu rakiyar gawar har da Yarima Franz Ferdinand na Ostiriya, wanda kisansa a 1914 ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Waɗancan a kan dawaki suka bi gawa, da rundunoni a bayansu. Jikokinsu na yau mulki yana hannun majalisa, kuma sun hau bas ba wanda ya ce uffan. Ina ganin wannan sauƙin kan na cikin abin da ya sa suka daɗe.

Zuwan Sarkin Japan ma ba ƙaramin abu ba ne. A al'adarsu sarki ba kasafai yake halartar jana'iza ba, kuma wannan ce fitarsa ƙasar waje ta farko tun da ya hau karaga a 2019. A Oxford ya yi karatu yana saurayi.

Abu_Sumayya:
Sarakunan Musulmi ma ba a bar su a baya ba. Na ga Sarki Abdullah na Jodan da Rania, Sarkin Katar Tamim, Sarkin Oman Haitham, da Sarkin Burunai. Na Jodan biyan bashi ya zo yi, don lokacin da mahaifinsa Sarki Husaini ya rasu a Fabrairun 1999, Charles da Tony Blair sun je Amman. Washegarin rasuwar aka yi jana'izar, amma duk da haka Clinton ya iso da tsofaffin shugabannin Amurka uku. Ashe ana iya gaggautawa kuma duniya ta hallara.

Umman_Hanan:
To mu wa ya wakilce mu? Ban ga Buhari ba. Kuma me ya hana a ga Sarkin Musulmi ko Sarkin Kano a layin sarakunan nan?

Bakatsine_a_Landan:
Mataimakin shugaban ƙasa Yemi Osinbajo ne ya zo, Hajiya. Buhari ya wuce New York taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Gayyatar kuwa ta shugabannin ƙasashe ce. Sarki Letsie na Lesoto yana wurin saboda shi ne shugaban ƙasarsa. Namu sarakunan, duk girmansu a idonmu, tsarin mulki bai ba su wannan matsayin ba. Akwai ƙasashen da ba a ma aika musu da takarda ba: Rasha, Belarus, Myanmar, Siriya, Benezuwela da Afganistan.

Tunda Rahila ta ambaci zauren Westminster, bari in faɗa muku na shiga layin nan. Ba don ƙaunar sarauta ba, maƙwabciyata ce, tsohuwa 'yar Jamaika mai shekara 78, ta ce sai ta je, 'ya'yanta kuma ba sa kusa. Muka kama layi daga bakin kogin Thames da yamma, aka ɗaura mana zare mai lamba a hannu. Sanyi ya sauko da dare, aka riƙa raba barguna. Na yi sallar isha da asuba a gefen hanya, wani Bature da ban sani ba ya riƙe mini gurbina, ya kuma kula da tsohuwar. Awa 13 muka yi. Da muka shiga zauren, shirun wurin ne ya kama ni. An shimfiɗa darduma, ko takun ƙafa ba ka ji, sai ƙarar sandar da ake bugawa a ƙasa idan za a canza masu gadi. Tsohuwar ta tsaya gaban akwatin, ta ɗan rusuna, ba ta fi daƙiƙa biyar ba, muka fita. A waje ta riƙe hannuna ta ce tun tana yarinya hoton matar nan ke bangon ajinsu. Ba ta ƙara komai ba har muka isa gida.

Kwamared_Aminu:
Allah ya saka maka da alheri kan tsohuwar nan, wannan aikin lada ne. Amma ka tambaye ta yadda aka yi da mutanen Jamaika da suka zo gina Ingila bayan yaƙi, aka wayi gari a 2018 ana ce wa wasunsu ba su da takardun zama.

Bakatsine_a_Landan:
Ta fi ni sani, Kwamared. Abin ya taɓa mutanen cocinsu. Duk da haka ta je.

Sadiya_Dalibar_Tarihi:
Ni wurin da ya fi taɓa ni shi ne na Windsor. Aka zo aka ɗauke sanda da ƙwallon zinariya da kambi daga kan akwatin ɗaya bayan ɗaya, aka ajiye su a kan bagade. Sai babban jami'in fadarta ya ɗaga siririyar sandarsa ta aiki ya karya ta biyu, ya ɗora a kan akwatin, alamar hidimarsa gare ta ta ƙare. Akwatin ya riƙa sauka ƙasa a hankali, mai busa mata sarewar Sikotlan kowace safiya yana busa yana tafiya har sautin ya ɓace. Shekara 70 a kan mulki, kambin bai bi ta ba.

Hajiya_Yar_Zazzau:
Haka tagwayen masu suke a Kano, 'yata. Sarki ya tafi, su suna nan suna jiran na gaba. Ni dokinta baƙi da aka tsayar a bakin hanya, da ɗankwalinta a kan sirdi, shi ya karya mini zuciya.

Dan_Gwale:
Wani ya bayyana mini sojojin ruwan nan da suka ja amalanken igwa da igiya. Ƙasar da ke da dawaki kamar Ingila?

Malam_Tarihi:
Su 142 ne, wasu na ja ta gaba, wasu na riƙewa ta baya. Asalinsa jana'izar Victoria ce a 1901. A Windsor dawakin da za su ja akwatin suka yi tirjiya cikin sanyi, abin ɗaurin ya tsinke, sai sojojin ruwa suka kama igiya suka ja da hannu. Daga nan ya zama al'ada. Rabon da a yi irin wannan jana'izar ta ƙasa a Birtaniya tun ta Winston Churchill a 1965.

Kwamared_Aminu:
Na dawo wannan tsohon zaren ne bayan wata takwas, don baitulmalin Birtaniya ya fitar da lissafi: fam miliyan 161.7 aka kashe a makokin da jana'izar. A lokacin da talakawansu ke kukan kuɗin wuta da gas. Abu_Sumayya, kabarin Al-Oud nawa ya ci?

Rahila_Jos:
Kaso mafi tsoka na kuɗin nan tsaro ya tafi, Aminu. Mutum kusan 250,000 suka bi layi, ga shugabannin duniya a gari guda. Ko a Riyadh ai sojoji sun tsaya.

Dan_Gwale:
Ashe zaren nan na raye. Na sake karanta shi tun daga sama. Maganar kwana 11 na fahimta, Rahila da Zango_Kumasi sun gamsar da ni. Maganar bas kuwa har yanzu da sauran ƙaiƙayi. Na yarda Sarkin Japan ya hau, na yarda da layi na 14. Amma Malam_Tarihi, ka faɗa mini tsakaninka da Allah: da a Abuja ko Nairobi aka yi wannan taron, muka ce wa baƙinmu na Turai kowa ya ajiye motarsa ya shiga bas, za su shiga?